Yadda Ake Bin Diddigin Kuɗin Tallafin Korona da Gwamnatin Amurka Ta Biya Gonaki a Gundumar Karkara

A watan Afrilu na shekarar 2020, lokacin da annobar korona ta sa aka rufe makarantu da gidajen cin abinci da otal-otal a Amurka, masu kiwon shanun madara a jihohi irin su Wisconsin sun riƙa zubar da madara saboda rashin masu saye, manyan mayankun dabbobi kuma, irin ta kamfanin Smithfield da ke Sioux Falls a jihar Dakota ta Kudu, sun dakatar da aiki bayan cutar ta yaɗu a tsakanin ma'aikatansu. Gwamnatin tarayya ta mayar da martani da kuɗi masu yawan gaske, har ya zama jimillar tallafin da ta biya manoma kai tsaye a wannan shekara kaɗai, na annoba da wanda ba na annoba ba, ta haura dala biliyan 45. Yawancin bayanan waɗannan kuɗaɗe a buɗe suke, kuma duk mai kwamfuta da intanet, ɗan jarida ne ko ɗalibi ko mai nazarin harkar noma, zai iya gano nawa ne ya shiga wata gunduma ta karkara da kuma waɗanda suka karɓa. Samun alƙaluman ba shi da wuya, fahimtar abin da suke nufi ne ke buƙatar haƙuri, domin jimillar da mutum zai fara gani a kan allo sau da yawa takan haɗa kuɗin da ba na annoba ba, ta kuma bar wani kuɗin annobar a waje.

Matakin farko shi ne mai bincike ya san shirye-shiryen da yake nema da sunayensu da lokutansu, tun kafin ya buɗe kowane fayil. Babban shirin shi ne wanda ake taƙaita sunansa da CFAP, wato shirin tallafin abinci na lokacin korona, wanda Ma'aikatar Aikin Gona ta Amurka, USDA, ta sanar a ranar 17 ga Afrilu 2020 a zamanin Sakatare Sonny Perdue, bayan Shugaba Donald Trump ya sanya hannu a dokar CARES, wato dokar agajin gaggawa ta korona, a ranar 27 ga Maris. An ware dala biliyan 16 domin biyan manoma kai tsaye a zagayen farko, aka karɓi takardun neman tallafi daga 26 ga Mayu zuwa 11 ga Satumba, kuma an yi shi ne domin amfanin gona da dabbobin da farashinsu ya faɗi da kashi 5 cikin ɗari ko fiye a farkon shekarar, ko waɗanda suka lalace saboda rashin kasuwa. Zagaye na biyu, CFAP 2, ya zo da kuɗin da ya kai dala biliyan 14, aka karɓi takardunsa daga 21 ga Satumba zuwa 11 ga Disamba 2020. Dokar kasafin kuɗi ta 27 ga Disamba 2020 ta ƙara wa manoman hatsi da makamantansu dala 20 a kan kowace eka, wato kimanin kashi biyu cikin biyar na hekta, ta kuma ƙara wa masu shanu wani abu a kan abin da suka samu a zagayen farko, sannan gwamnatin Joe Biden, ƙarƙashin Sakatare Tom Vilsack, ta sake buɗe CFAP 2 daga 5 ga Afrilu zuwa 12 ga Oktoba 2021. Idan aka haɗa zagayen biyu da ƙarin da ya biyo baya, kuɗin ya kai kimanin dala biliyan 31. Akwai kuma ƙananan shirye-shirye da suka zo daga baya: PLIP domin waɗanda suka halaka aladu ko kaji saboda rufewar mayanka, SMHPP domin masu sayar da aladu a kasuwar ciniki na take, da PARP wanda aka buɗe a 2023 domin waɗanda kuɗin shigarsu ya ragu a 2020. Yana da kyau a rubuta waɗannan sunaye da ranakunsu a takarda guda a ajiye a gefe, domin da ita za a riƙa auna kowane layi na fayilolin da za a sauke.

Mataki na biyu gajere ne, amma idan aka yi sakaci da shi dukan aikin ya lalace: a tabbatar da gundumar da ake nufi. Amurka tana da gundumomi sama da 3,000, kuma sunayensu suna maimaituwa, har akwai kimanin talatin masu suna Washington. Kowace gunduma tana da lamba mai alƙaluma biyar da ake kira FIPS, biyu na farko na jiha, uku na ƙarshe na gunduma, kuma da wannan lamba ya kamata a yi aiki. Sai dai hukumar da ta biya kuɗin, wato FSA, reshen ma'aikatar gona mai ofisoshi a gundumomi, tana da nata tsarin lambobi wanda yake dacewa da FIPS a mafi yawan wurare amma ba a ko'ina ba. Gundumar Pottawattamie ta jihar Iowa, alal misali, a wurin FSA kashi biyu ce, ta gabas da ta yamma, haka ma Otter Tail ta jihar Minnesota, wanda kuwa ya ɗauki ɓangare ɗaya ya ɗauka ya gama, to ya bar wani babban yanki na kuɗin a baya.

Daga nan sai a je tushen bayanan. A dandalin intanet na FSA, a sashen takardun da take bayyana wa jama'a ƙarƙashin dokar 'yancin samun bayanai, wato FOIA, akwai shafi mai suna Payment Files Information, inda ake ajiye fayilolin Excel na kuɗaɗen da hukumar ta biya shekara bayan shekara, an kasa su bisa jihohi saboda girmansu. Kowane layi a cikin fayil biya guda ne, kuma yana ɗauke da jiha da gundumar ofishin da ya biya, da sunan wanda aka biya da adireshinsa, da yawan kuɗin, da ranar biya, da lambar shirin da bayaninsa, da kuma shekarar shirin. A sauke na 2020 da na 2021 da na 2022 aƙalla, a ƙara da na 2023 idan ana son PARP, domin kuɗin da aka nema a wata shekara yakan fita a shekara ta gaba. A ajiye ainihin fayilolin yadda aka sauke su ba tare da an taɓa su ba, a yi aiki a kan kwafi, a kuma rubuta ranar da aka sauke su.

Mataki na huɗu shi ne tacewa, kuma a nan ne gizo ke saƙa. Bayan an tace layukan gundumar kaɗai, sai a duba gurbin bayanin shiri a fitar da jerin dukan sunayen da ke cikinsa, kowane suna sau ɗaya. Za a tarar da sunaye da yawa waɗanda ba su da wata alaƙa da annoba. Wanda ya fi rikita mutane shi ne MFP, shirin da aka ƙirƙira a 2018 domin rage wa manoma raɗaɗin rikicin kasuwanci tsakanin Amurka da ƙasar Sin, wanda kashinsa na ƙarshe na shekarar 2019 ya fita a watan Fabrairu 2020, makonni kaɗan kafin a fara kulle. Kuɗi ne mai yawa, musamman a gundumomin da ake noman waken soya da masara da auduga, kuma saboda ya faɗo cikin 2020 akan lissafa shi cikin tallafin korona bisa kuskure. Haka nan za a ga ARC da PLC, tallafin farashi da na kuɗin shiga da ake biya ƙarƙashin dokar noma ta yau da kullum, da CRP wanda hayar ƙasa ce da gwamnati ke biyan manomi domin ya bar gona ta huta, da WHIP+ na ɓarnar guguwa da ambaliya da gobarar daji. Duk waɗannan a ware su a wani shafi dabam, kada a goge su, domin daga baya za a so a kwatanta tallafin annoba da tallafin da gundumar ta saba samu. Abin da ya rage shi ne layukan CFAP da 'yan uwansa, kuma CFAP ɗin kansa zai bayyana da sunaye fiye da ɗaya, saboda kuɗin zagayen farko daga aljihu biyu ya fito: dala biliyan 9.5 daga dokar CARES, da dala biliyan 6.5 daga asusun CCC, tsohon kamfanin gwamnati da ke ɗaukar nauyin shirye-shiryen gona tun shekarun 1930.

Kada a ɗauki yawan layuka a matsayin yawan manoma. A zagayen farko an fara biyan kashi 80 cikin ɗari na abin da manomi ya cancanta domin gudun kada kuɗin ya ƙare, sai a watan Agusta aka saki ragowar kashi 20, saboda haka mutum ɗaya mai takarda ɗaya zai iya fitowa a layi huɗu ko fiye tun kafin a zo zagaye na biyu. Dole ne a tattara layukan bisa sunan mai karɓa, kuma kafin a yi hakan a gyara rubutun sunayen da hannu, domin waƙafi guda ko taƙaita kalma guda yakan sa kwamfuta ta raba gona ɗaya gida biyu.

Mataki na biyar tambaya ce da mai bincike zai amsa wa kansa, ya kuma bayyana amsar ga duk wanda zai karanta sakamakonsa: me ake nufi da kuɗin da ya shiga gunduma? Fayil ɗin yana nuna wurare biyu, gundumar ofishin FSA da ya kula da takardar, da adireshin da mai karɓa yake zaune, kuma ba dole ba ne su zama ɗaya. Manomin da ke da gonaki a gundumomi uku takarda ɗaya ya cike domin dukan harkarsa, kuɗin kuma ya fito da sunan gundumar da ke riƙe da bayanansa. Ga kuma masu gonar da suka gaje ta daga iyaye suna zaune a Chicago ko Dallas, suna ba da ita noma bisa yarjejeniyar raba amfani, waɗanda suka cancanci tallafi a kan rabonsu tun da suna cikin haɗarin asara. Idan aka lissafa bisa ofishi, an san abin da aka biya ta hannun ofishin gundumar, idan kuma aka lissafa bisa adireshi, an kusanci sanin abin da ya shiga aljihun mazauna wurin. A ganina ya fi kyau a fitar da jimillar biyu a ajiye su kafaɗa da kafaɗa, domin tazarar da ke tsakaninsu ita kanta labari ce game da waɗanda suka mallaki ƙasar noma a wannan yanki.

Bayan haka sai a jera masu karɓa daga mafi yawa zuwa mafi ƙanƙanta, a karanta jerin da ƙa'idojin shirin a hannu. A lokacin shirin, iyakar abin da mutum ɗaya ko kamfani ɗaya zai karɓa ita ce dala 250,000 a kowane zagaye, ma'ana zagayen farko da na biyu kowanne da tasa iyakar. Kamfanin da ke da masu hannun jari biyu ko uku waɗanda kowannensu ya yi aƙalla sa'o'i 400 na aikin gona ko na gudanarwa zai iya kaiwa dala 500,000 ko 750,000, a haɗakar abokan sana'a ta gama-gari kuwa kowane abokin haɗaka da tasa iyakar, shi ya sa akan ga suna ɗaya da fiye da dala miliyan guda ba tare da an karya wata doka ba. Akwai kuma iyakar arziki: wanda matsakaicin kuɗin shigarsa na shekarun 2016 zuwa 2018 ya wuce dala 900,000 bai cancanta ba, sai idan kashi 75 cikin ɗari na kuɗin daga noma ko kiwo ko gandun daji ya fito, wanda hakan ya bar ƙofa a buɗe ga manyan gonaki. Wani abin da ke ba sabon mai bincike mamaki shi ne ganin sunan banki ko na cibiyar ba da rancen noma a saman jerin. Bankin ba gona yake da ita ba. Manoman da suka ci bashinsa ne suka miƙa masa haƙƙin karɓar tallafinsu, sai sunansa ya maye gurbin nasu, kuma kuɗin da ke gabansa na iya zama na mutane da dama. Irin waɗannan layuka a ƙirga kuɗinsu cikin jimilla, amma a cire su daga lissafin wanda ya fi kowa samu.

Hanya mai kyau ta gane ko adadi ya yi daidai da hankali ita ce a gwada shi da ƙa'idar lissafin zagaye na biyu, wadda ta fi ta farko sauƙi. An biya dala 55 a kan kowane kai na shanun nama, aladu dala 23, tumaki dala 27, bisa mafi yawan dabbobin da makiyayi ya mallaka a rana guda da ya zaɓa tsakanin 16 ga Afrilu da 31 ga Agusta 2020, ban da dabbobin da aka ajiye domin haihuwa. A ce makiyayi yana da shanu 200, to dala 11,000 zai samu. Amfanin gona irin su shinkafa da gyaɗa da gero da riɗi an biya su dala 15 ne a kan kowace eka, saboda haka mai eka 300 ya samu dala 4,500, daga baya ƙarin dala 20 ya kawo masa wasu 6,000. Masu kayan lambu da 'ya'yan itace da zuma da makamantansu an biya su ne bisa cinikin da suka yi a 2019, hawa-hawa: kashi 10.6 cikin ɗari a kan abin da bai kai dala 50,000 ba, kashi 9.9 a kan 50,000 na gaba, kashi 9.7 daga 100,000 zuwa ƙasa da 500,000, haka yake raguwa har zuwa kashi 8.8 a kan abin da ya kai miliyan. Mai cinikin dala 120,000 zai tashi da kimanin dala 12,190. Daga wannan lissafi ana ganin dalilin da ya sa kuɗin ya taru a hannun manyan gonaki, tun da an ɗora shi ne a kan yawan dabbobi da faɗin ƙasa da girman ciniki. Saboda wannan dalili kada a dogara da matsakaicin da ake samu ta hanyar raba jimilla da yawan masu karɓa, domin gonaki biyar manya za su ja shi sama. A ba da adadin mutumin da ya faɗo a tsakiyar jerin, a kuma faɗi kason da kashi goma cikin ɗari na sama suka kwashe.

Mataki na gaba shi ne gwada jimillar da wasu majiyoyi. Dandalin USAspending.gov na gwamnatin tarayya yana ba da damar bincike bisa gunduma da lambar shiri, 10.130 domin zagayen farko da 10.132 domin na biyu, sai dai yana ɓoye sunayen ɗaiɗaikun mutane, kuma shekararsa ta kasafin kuɗi ce, daga 1 ga Oktoba zuwa 30 ga Satumba. Ƙungiyar EWG mai zaman kanta tana da rumbun bayanan tallafin noma da ya faro daga 1995, an tsara shi bisa jiha da gunduma, kuma yana da sauƙin dubawa. Ɗan bambanci tsakanin majiyoyin ba abin damuwa ba ne, amma idan ya yi yawa, a koma a duba ko an haɗa MFP, ko an manta da wata shekara, ko wata majiyar ta yi amfani da adireshi alhali ɗayar ta yi amfani da ofishi.

Har yanzu da sauran kuɗi a waje, domin ba dukan tallafin ne ya bi ta hannun FSA ba. Rancen PPP na Hukumar Ƙananan Sana'o'i, SBA, da aka bayar domin masu sana'a su ci gaba da biyan albashi a lokacin annoba, wanda aka yafe wa mafi yawan waɗanda suka karɓe shi, ya kai ga gonaki masu yawa, musamman a 2021 bayan dokar Disamba 2020 ta ba manomi mai zaman kansa damar lissafa rancensa bisa jimillar cinikinsa maimakon ribarsa. SBA ta saki cikakkun bayanan rancen a Disamba 2020 bayan kafofin yaɗa labarai sun kai ta kotu, kuma ana iya tace su bisa gunduma da lambar sana'a ta NAICS, inda masu farawa da 111 na noman amfanin gona ne, masu farawa da 112 kuma na kiwo. Za a ga adadi ɗaya yana ta maimaituwa, dala 20,833 ko kusa da haka, wanda shi ne a lokacin iyakar abin da mai sana'a shi kaɗai zai iya samu a rance guda. A ajiye wannan kuɗi a shafinsa, a kuma nuna nawa aka yafe. Akwai kuma tallafin PMVAP na masu madara, wanda aka biya ta hannun ƙungiyoyin gama-kai da kamfanonin sarrafa madara, saboda haka ba zai bayyana da sunan makiyayi a fayilolin gunduma ba, kuma wajibi ne a faɗi hakan idan gundumar ta masu shanun madara ce.

Domin a san waɗanda ba su samu ba, sai a koma ga ƙidayar gonaki da hukumar ƙididdigar noma, NASS, ke yi duk bayan shekara biyar, wadda take da taƙaitaccen bayani a kan kowace gunduma. Ta 2017 ce ta fi kusa da lokacin annobar, ta 2022 kuma tana nuna abin da ya biyo baya. A kwatanta yawan gonakin gundumar da yawan masu karɓa, amma a tuna cewa a wurin ƙidayar duk wurin da ya sayar, ko yake iya sayar da amfanin dala 1,000 a shekara gona ne, har da ƙananan filaye na masu aikin albashi, sannan gona ɗaya tana iya samun masu karɓa da yawa. Ƙananan manoma da ba su taɓa rajista da FSA ba sai da suka fara cike fom ɗin AD-2047 na bayanan kansu, da CCC-902 na tsarin gona, da CCC-941 na kuɗin shiga, da AD-1026 na kiyaye ƙasa da fadama, kafin su kai ga AD-3114 ko AD-3117 na neman tallafin kansa, kuma sake buɗe zagaye na biyu a 2021 an yi shi ne musamman domin a kai ga irin waɗannan da aka bari a baya.

Abin da fayiloli ba su amsa ba a tambayi ofishin FSA na gundumar, wanda ke da babban darakta da kwamitin manoma da manoman yankin suka zaɓa. Idan ana son takardu, a rubuta buƙata ƙarƙashin dokar FOIA, a ambaci sunan shiri da gunduma da shekaru ƙarara. Doka ta ba hukuma kwanakin aiki 20 ta ba da amsa, ko da yake takan wuce haka. Sashe na 1619 na dokar noma ta 2008 ya hana a saki bayanan da manomi ya bayar game da filinsa da yadda yake gudanar da gonarsa, amma ya yarda a saki suna da adireshi da yawan kuɗin da aka biya, saboda haka kada a ɓata lokaci wajen neman yawan shanun wani. Manoma da kansu suka shaida alƙaluman da suka rubuta a takardunsu ba tare da an nemi hujja a lokacin ba, kuma ofishin binciken ayyukan gwamnati na majalisar dokoki, GAO, ya ba da shawara a rahotonsa na 2022 cewa a tsaurara bin diddigin waɗannan biyan kuɗi. Duk da haka, adadi mai yawa shi kaɗai ba shaidar almundahana ba ne. Kafin a wallafa sunan kowa a tuntuɓe shi, a karanta masa adadin da ranakun biya, a ba shi lokaci ya yi bayani, domin mai yiwuwa kuɗin na 'yan uwa huɗu ne da ke noma tare, ko an mayar da wani ɓangarensa daga baya. Idan kuwa akwai hujja ta gaske cewa an yi ƙarya a takarda, wurin kai ta shi ne ofishin Sufeto Janar na ma'aikatar gona, wanda ke karɓar ƙorafi ta waya da ta intanet ba tare da an tilasta wa mai ƙorafin bayyana sunansa ba.